Ledojin jini 211 da shari'ar da ta ci shekara goma a Madrid

Ranar 14 ga Yunin 2016 wata kotun ɗaukaka ƙara a Madrid, babban birnin Sifaniya, ta ba da umarnin a miƙa wa hukumomin wasanni ledojin jinin 'yan wasa 211 da ke ajiye a wani ɗakin gwaje-gwaje a Barcelona. Jandarmomin ƙasar sun kama ledojin tun ranar 23 ga Mayun 2006, wato shekara goma ke nan da kwana 22. Dokar wasanni ta duniya kuwa ta ce idan shekara goma ta cika a kan laifin ƙara kuzari, wato ɗan wasa ya ƙara wa jikinsa ƙarfi ta haramtacciyar hanya, ba a tuhumi mai shi ba, to magana ta mutu. Umarnin kotun ya zama ihu bayan hari. Ga jinin, ga na'urar da za ta faɗi mai shi cikin 'yan kwanaki, amma babu sauran wanda doka ta yarda a hukunta.

Wannan shi ne binciken da jandarmomin suka raɗa wa suna Operación Puerto. A tarihin tseren keke ba a taɓa kama shaida mai yawa haka a rana ɗaya ba, kuma da wuya a sami wata shari'ar da aka yi asarar shaidarta kamar wannan. Abin da ya fi damuna shi ne, babu wanda ya sace takarda, babu wanda ya ƙona ɗakin ajiya. Komai yana nan lafiya lau har ranar ƙarshe. Lokaci ne kawai aka bari ya ci shari'ar.

Kafin a gane darajar ledojin, sai an san abin da ake yi da su. Idan aka ce ƙara kuzari, yawancinmu ƙwaya ko allura muke kawowa a rai. A tseren keke na manya lamarin ya wuce nan. Gasar Tour de France mako uku ake yi ana yin ta, zango 21, kimanin kilomita 3,500, wanda ya fi tafiyar Kano zuwa Legas sau uku, kuma a ciki har da hawan duwatsun Alps da Pyrenees. Abin da ke raba gwani da gwani a kan dutse shi ne yawan iskar da jini ke iya kai wa tsoka, jajayen ƙwayoyin jini kuma su ne masu dakon wannan iska. Idan aka shiga mako na uku, wahala takan rage su a jikin kowa. Wanda ya sami hanyar ƙara nasa a daidai lokacin nan, ya bar sauran a baya.

A shekarun 1990 maganin EPO aka yi ta amfani da shi. Asalinsa na masu ciwon ƙoda ne da sauran masu ƙarancin jini, yana sa ɓargo ya ƙara haifar da jajayen ƙwayoyi. A 1997 hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta kafa ƙa'idar cewa duk wanda jajayen ƙwayoyinsa suka haura kashi 50 cikin 100 na jininsa sai ya huta. A 2000 aka fara gwajin da ke gano EPO a fitsari. Sai likitocin ɓoye suka koma tsohuwar dabara: a ɗebi jinin mutum lokacin da ba a gasa, a ajiye, jikinsa ya mayar da abin da aka ɗiba, sannan ana tsakiyar gasa a ɗaura masa nasa. A 2004 an samo gwajin da ke kama wanda aka ƙara wa jinin wani, shi ne ma ya kama Ba'amurken nan Tyler Hamilton a gasar Vuelta ta Sifaniya a watan Satumbar shekarar. Amma jinin mutum da aka mayar masa, babu gwajin da ke nuna shi kai tsaye. Saboda haka shaida ɗaya ce tak: a sami ledar, a gwada ta da jinin wanda ake zargi. Abin da jandarmomin Madrid suka samu ke nan, har sama da ɗari biyu.

Mai wannan sana'a shi ne Dakta Eufemiano Fuentes, mutumin tsibiran Canary, wanda ya karanci likitancin mata amma ya yi suna a wasanni. Ya yi aiki da 'yan guje-guje na Sifaniya tun shekarun 1980, daga baya ya koma ƙungiyoyin keke irin su ONCE da Kelme. Jinin da aka sa a firji ba ya wuce kimanin mako shida, don haka dole a riƙa juya shi, a ɗebi sabo a mayar da tsoho. Fuentes da abokin aikinsa, likitan jini José Luis Merino Batres, sun samo hanyar daskarar da jajayen ƙwayoyin a firiza yadda za su daɗe ba su lalace ba. Masu hulɗa da shi suna kiran firizar da suna Siberiya. Wannan ne ya sa manyan 'yan tsere daga Jamus, Italiya da Amurka suka riƙa yin tattaki zuwa wasu gidajen haya a Madrid da kuɗi a hannu.

Wanda ya fara tona asiri

Shekara biyu kafin samamen, wani ɗan tseren ƙungiyar Kelme mai suna Jesús Manzano ya riga ya faɗi komai. A gasar Tour de France ta 2003 ya yanke jiki ya faɗi a gefen hanya, sai da jirgi mai saukar ungulu ya ɗauke shi zuwa asibiti. A watan Maris na 2004 ya zauna da jaridar wasanni ta AS, ya kwashe kwanaki yana zayyana yadda ake yi: alluran, magungunan, ɗibar jinin, da ranar da aka ɗaura masa jinin da ya kusa kai shi lahira. Ya ce faɗuwar da ya yi a Faransa ma wani abu ne aka yi masa allurarsa da safen ranar. Amsar da ya samu ita ce an ce haushin korar da ƙungiyar ta yi masa ne ke cin sa. Masu shirya Tour sun janye gayyatar da suka yi wa Kelme a shekarar, amma binciken da aka buɗe a Sifaniya bai haifar da komai ba. Manzano bai sake samun gurbin kirki a tseren ƙwararru ba.

Ina ganin ya kamata a riƙe sunan mutumin nan, domin duk abin da ya biyo baya ya gaskata shi. A farkon 2006 jandarmomi suka fara bin sawun Fuentes, suna sauraren wayoyinsa, suna ɗaukar hoton masu shiga da fita. Ranar 23 ga Mayu suka kama mutum biyar: Fuentes, Merino Batres, Manolo Saiz shugaban ƙungiyar Liberty Seguros wanda aka same shi da tsabar kuɗi kimanin Yuro dubu 60, Ignacio Labarta mataimakin mai horarwa a ƙungiyar Comunidad Valenciana, da Alberto León, tsohon ɗan tsere da ke yi musu aike. A gidajen an sami ledojin jini da na ruwan jini, da magungunan ƙara kuzari iri-iri, da na'urori, da takardun da ke nuna ranar ɗiba da ranar mayarwa.

Ledojin ba sa ɗauke da sunayen gaskiya. Lamba ce da laƙabi, kuma laƙabin sau da yawa sunan karen mutum ne. Akwai Birillo, akwai Bella, akwai Zapatero, akwai Hijo Rudicio wato ɗan Rudy, akwai kuma leda mai lamba 18 da aka rubuta wa Valv.Piti. Duk wanda ya san harkar bai sha wahalar fassara su ba. Rudy Pevenage shi ne ubangidan Jan Ullrich, Bajamushen da ya ci Tour a 1997. Kwana biyu bayan kamen, kamfanin inshora na Liberty Seguros ya janye kuɗinsa daga ƙungiyar Saiz.

Ranar 30 ga Yuni, ana gobe za a fara Tour a Strasbourg, ƙungiyoyi suka ga rahoton jandarmomin. A yinin nan aka sallami Ullrich, da Ivan Basso wanda bai fi wata ɗaya da cin gasar Giro ta Italiya ba, da Francisco Mancebo, da Óscar Sevilla. Ƙungiyar Saiz, wadda ta koma Astana-Würth, ta rasa mutum biyar, har ba ta da adadin da za ta iya shiga gasar. Cikin biyar ɗin akwai matashi Alberto Contador, wanda daga baya aka cire sunansa daga binciken. A ranar duniya ta ɗauka cewa rana ɗaya ta mai kaya ta zo. Sunayen 'yan keke sama da 50 ne ke yawo a jaridu.

Inda shari'ar ta kauce hanya

A nan ne ya kamata a tsaya, domin duk jan ƙafar da ya biyo baya daga nan ya samo tushe. A watan Mayun 2006 ƙara kuzari a wasanni ba laifi ba ne a dokar hukunta laifuka ta Sifaniya. Faransa ta riga ta ƙarfafa tata dokar bayan abin kunyar ƙungiyar Festina a 1998. Italiya ta kafa tata a Disamban 2000, wadda ke hukunta har ɗan wasan da kansa. Sifaniya sai a Nuwamban 2006 ta yi tata, bayan wannan samamen, ta fara aiki a Fabrairun 2007. Doka kuwa ba ta waiwayen baya. Ba a hukunta mutum da dokar da aka kafa bayan ya aikata abin.

To da me za a tuhumi Fuentes? Abin da ya rage shi ne wani sashe na dokar kare lafiyar jama'a, wanda ya yi magana a kan bayar da magani ta hanyar da ke jefa rai cikin haɗari. Daga wannan rana tambayar kotu da tambayar wasanni suka rabu. Kotu tana tambaya: shin an ajiye jinin nan da tsabta, an yi jigilarsa cikin sanyin da ya dace, an cutar da lafiyar wani? Hukumomin wasanni kuma suna tambaya: jinin wane ne? A wurin kotu 'yan tseren shaidu ne, ko ma marasa lafiya da ake kare sirrinsu. Sanin sunansu bai ƙara wa tuhumar komai ba, don haka alƙali bai ga dalilin gwada jinin kowa ba, kuma bai yarda a fitar da kayan shaida daga hannun kotu a ba wata hukumar da ba ta shari'a ba.

A gaskiya hujjar tana da ƙafa a doka, kuma ba daidai ba ne a ce duk wanda ya riƙe ta yana rufa wa wani asiri. Sauraren waya da kutsawa gidan mutum iko ne da ake ba gwamnati don binciken laifi, akwai hikima a hana miƙa abin da aka samu ta wannan hanya ga kowa da kowa. Inda nake ganin laifi shi ne a lokacin da aka ɗauka. Tambayar ko za a ba da ledojin ko ba za a bayar ba, tambaya ce da babbar kotu za ta iya amsawa a cikin shekara guda. An bar ta tana jiran ƙarshen shari'ar, shari'ar kuma tana tafiyar hawainiya. Alƙali mai bincike, Antonio Serrano, ya rufe fayil ɗin a Maris 2007, ya ce babu laifi. Kotun sama ta sa a sake buɗewa a Fabrairun 2008. Ya sake rufewa kafin shekarar ta ƙare. Aka sake umartar sa ya buɗe a Janairun 2009. Kusan shekara uku sun tafi a wannan kai da komo, ba a ko shiga zauren kotu ba.

Hukumar keke ta Sifaniya, wadda ita ke da alhakin ladabtar da 'yan ƙasarta, ta ce hannunta a ɗaure yake tunda alƙali ya hana amfani da takardun. Haka 'yan tsere da dama da sunayensu suka fito suka koma kan kekunansu, wasu a ƙananan ƙungiyoyi, wasu a manya.

Waɗanda aka hukunta, daga waje aka hukunta su

Abin lura shi ne kusan duk hukuncin da ya fito daga wannan bincike, a wata ƙasa aka ƙulla shi. A Jamus masu shigar da ƙara na birnin Bonn sun buɗe wa Ullrich binciken zamba, suka nemi samfurin jinin ta hanyar kotu da kotu, aka ba su. A Afrilun 2007 gwajin DNA, wato na ƙwayoyin gado da ke bambanta mutum da mutum, ya nuna leda tara nasa ne. Ya riga ya yi ritaya a Fabrairu. Duk da haka sai a Fabrairun 2012 kotun wasanni ta duniya da ke Lausanne, CAS, ta dakatar da shi shekara biyu, ta soke sakamakonsa tun daga Mayun 2005, har da matsayi na uku da ya yi a Tour ɗin shekarar. Shi kansa sai a 2013 ya amsa cewa ya je wurin Fuentes.

A Italiya akwai mai shigar da ƙara na kwamitin Olamfik na ƙasar, Ettore Torri, dattijon da ya ƙi sakin maganar. An wanke Basso a ƙarshen 2006 saboda rashin shaida, har ya shiga ƙungiyar Discovery Channel. Da Torri ya matsa, kuma ta tabbata cewa za a gwada jinin, Basso ya fito a Mayun 2007 ya amsa cewa shi ne Birillo, amma ya ce niyya kawai ya yi, bai kai ga amfani da jinin ba. An dakatar da shi shekara biyu. Ya dawo ya sake cin Giro a 2010. Michele Scarponi, wato Zapatero, shi ma ya amsa, aka ba shi wata 18.

Sai Jörg Jaksche, Bajamushe, mai laƙabin Bella. Shi bai tsaya a kan kansa kawai ba. A tsakiyar 2007 ya ba mujallar Der Spiegel labarin yadda tsarin yake a ƙungiyoyin da ya zauna, ya ba hukumomi haɗin kai, aka rage masa hukunci zuwa shekara ɗaya. Da wa'adin ya cika, babu babbar ƙungiyar da ta ɗauke shi. Wanda ya amsa kaɗan ya koma ya ci kofi, wanda ya faɗi duka ya rasa sana'arsa. Duk wani matashin ɗan tsere da ke kallo a lokacin ya ga abin da ya sami Manzano, ya ga na Jaksche, kuma ba sai an gaya masa darasin ba.

Labarin leda mai lamba 18 ya fi kowanne nuna yadda lamarin ya karkace. Alejandro Valverde shi ne babban tauraron Sifaniya a lokacin, kuma ya musanta duk wata alaƙa da Fuentes. Bai taɓa faɗuwa gwaji ba. A Yulin 2008 gasar Tour ta tsallaka cikin Italiya, sai jami'an Italiya suka ɗebi jinin wasu 'yan tsere, har da shi. Bayan 'yan watanni suka nemi samfurin ledar daga Madrid, aka yi dace Serrano yana hutu, mai shari'ar da ke riƙe da kujerarsa ta sa hannu. DNA ya dace, kuma a cikin ledar akwai EPO. Da Serrano ya dawo ya ce ba a bi ƙa'ida ba, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. A Mayun 2009 Italiya ta hana Valverde tsere a ƙasarta na shekara biyu. Hanin bai shafi sauran duniya ba, don haka a Satumbar shekarar ya ci gasar Vuelta a gida. Sai ranar 31 ga Mayun 2010, shekara huɗu bayan samamen, CAS ta faɗaɗa hukuncin zuwa duniya duka, daga 1 ga Janairun 2010. Kofin Vuelta ya zauna a hannunsa. Ya dawo a 2012, ya zama zakaran duniya a Innsbruck a 2018 yana ɗan shekara 38.

Wannan ya nuna cewa gwajin ba shi da wuya. Duk ledar da aka bari aka taɓa, ta faɗi mai ita. Valverde da magoya bayansa suna da damar tambaya: me ya sa shi, alhali ga sauran ledoji ba a taɓa su ba? Jinkirin ya cuci masu tsere da gaskiya waɗanda aka ƙwace wa nasara, ya kuma cuci waɗanda aka ambaci sunansu bisa kuskure, domin gwajin da zai kama mai laifi shi ne zai wanke marar laifi.

A Disamban 2010 aka sake kama Fuentes a wani binciken daban mai suna Operación Galgo, wanda ya shafi 'yan guje-guje. Wato shekara huɗu da rabi bayan samamen farko, yana nan a sake, ba a ko fara yi masa shari'a ba. Wancan binciken ya rushe bayan da kotu ta soke sauraren wayoyin da aka gina shi a kai. Alberto León, wanda sunansa ya sake fitowa a ciki, an tsinci gawarsa a Janairun 2011, ya kashe kansa. Merino Batres kuma cutar mantuwa ta tsufa ta kama shi, aka cire shi daga shari'ar. Cikin mutum biyar da aka kama ranar farko, biyun da suka fi sanin yadda ake sarrafa jinin da jigilarsa ba su kai ranar shari'a ba.

An fara zaman ranar 28 ga Janairun 2013 a gaban mai shari'a Julia Patricia Santamaría. Waɗanda ake tuhuma biyar ne: Fuentes, 'yar'uwarsa Yolanda wadda ita ma likita ce, Saiz, Labarta, da Vicente Belda tsohon shugaban Kelme. Fuentes bai musanta ɗibar jini ba. Ya ce don kare lafiyar 'yan wasa yake yi. Ya kuma faɗa a gaban kotu cewa masu zuwa wurinsa ba 'yan keke kaɗai ba ne, akwai 'yan ƙwallon ƙafa, 'yan guje-guje, 'yan tanis da 'yan dambe. Ya ce zai iya faɗin mai kowace lamba idan an buƙata. Mai shari'a ta ce ba a buƙata.

Wannan amsa ita ce ta fi ci wa mutane rai, kuma har yau ita ce ke ciyar da zargin cewa an bar jaki ana dukan taiki, an sadaukar da keke don a kare wasannin da suka fi shi kuɗi. Dole a yi hattara a nan. Jaridar Le Monde ta Faransa ta taɓa danganta Fuentes da ƙungiyoyin Real Madrid da Barcelona a ƙarshen 2006, kuma kotunan Sifaniya sun ci ta tarar ɓata suna. Ba a tabbatar da komai a kan wani ɗan ƙwallo ba. Amma hanya ɗaya da za a kashe zargin ita ce a buɗe ledojin, kuma ita ce aka toshe.

Shaidu sun yi magana mai ratsa jiki. Hamilton, ta hoton bidiyo daga Washington, ya ba da labarin ƙarin jinin da aka yi masa lokacin Tour na 2004, wanda bayansa zazzaɓi ya rufe shi, fitsarinsa ya koma baƙi. Jaksche ya zo da kansa. Manzano ma ya zo, shekara tara bayan ya fara magana, ya nemi diyya, kotu ta hana shi bisa cewa da yardarsa aka yi masa abin da aka yi. Ranar 30 ga Afrilu aka yanke hukunci: Fuentes ɗaurin shekara ɗaya, wanda a tsarin Sifaniya ba ya kai mai laifin farko gidan yari, da hanin aikin likitan wasanni na shekara huɗu. Labarta wata huɗu. Sauran ukun an sallame su. Sannan mai shari'a ta ƙi ba da ledojin, ta ce a lalata su da zarar an gama ɗaukaka ƙara. Har ɗan wasan tanis Andy Murray sai da ya fito fili ya yi tir da hukuncin. A Satumbar shekarar, lokacin da Madrid ke neman karɓar baƙuncin wasannin Olamfik na 2020 a taron Buenos Aires, an yi wa wakilanta tambaya a kan ledojin nan. Tokyo ce ta samu.

Hukumar yaƙi da ƙara kuzari ta duniya, WADA, da UCI, da kwamitin Olamfik na Italiya, da wasu, suka ɗaukaka ƙara. A lokacin kowa ya san agogo yana tafiya. Tsohuwar dokar WADA shekara takwas ta bayar, wadda ta cika a 2014 ga ledojin da suka fi sabunta. Sabuwar dokar da ta fara aiki a 2015 ta mai da shi goma. Ko an bi wadda ta fi sassauci, ƙarshen magana Mayun 2016 ne. Kotun ɗaukaka ƙara ta riƙe fayil ɗin shekara uku. Da ta yi magana a watan Yuni, ta ce a ba da ledojin, ta kuma wanke Fuentes da Labarta gaba ɗaya, bisa hujjar cewa jini ba magani ba ne a ma'anar sashen da aka tuhume su da shi. Tambayar da aka kwashe shekara goma ana jira, ko jinin mutum magani ne, tun ranar farko tana kan teburi.

Don a ga cewa ba dole ne abu ya kasance haka ba, a dubi Jamus. Ta kafa dokar hukunta ƙara kuzari a Disamban 2015. A Fabrairun 2019 'yan sandan Jamus da Ostiriya suka kai samame a Erfurt da Seefeld, suka kama Dakta Mark Schmidt, tsohon likitan ƙungiyoyin keke, shi ma da firizarsa da ledojinsa. Cikin watanni aka dakatar da 'yan tsere irin su Georg Preidler da Stefan Denifl shekara huɗu huɗu, domin masu bincike sun yi aiki tare da hukumomin wasanni. A Janairun 2021 kotu a Munich ta ɗaure Schmidt shekara huɗu da wata goma. Duka bai cika shekara biyu ba. Laifin iri ɗaya ne da na Madrid, bambancin shi ne doka ta riga laifin zuwa, kuma an yarda tun farko cewa sanin mai jinin yana cikin aikin.

Ba za a ce Puerto bai bar komai ba. Shi ya tilasta wa Sifaniya yin doka. Yana cikin abubuwan da suka sa UCI ta fara, a 2008, tsarin bibiyar jinin kowane ɗan tsere a tsawon lokaci, yadda ko ba a kama leda ba, sauyin da ba na ɗabi'a ba zai nuna kansa. Jami'in da ya jagoranci samamen, Enrique Gómez Bastida, daga baya ya shugabanci hukumar yaƙi da ƙara kuzari ta ƙasar. Amma duk wannan bai biya mutumin da ya zo na huɗu ko na goma a wata gasa tsakanin 2003 da 2006 da jininsa na halal ba, wanda kwantiraginsa da albashinsa suka dogara da wannan matsayi, kuma yanzu ya tsufa ya bar keke.

Bayan hukuncin 2016 an kai samfurin ledojin ɗakin gwaje-gwaje na Lausanne. A Yunin 2017 kotun Madrid ta sake fitar da bayani, ta ce ba ta bayar da su don a buɗe wa kowa sabuwar tuhuma ba. WADA ta ci gaba da gwajin duk da haka, tana kwatanta DNA ɗin da samfuran da ke hannun hukumomi. A 2019 ta sanar da cewa ta gane mutum 11, maza goma da mace ɗaya. Ta ce wa'adin shekara goma ya wuce, don haka ba za ta iya bayyana sunayensu ba.